Gyaran kulocin da ke zamewa da cire notin da ya karye a babur mai ƙafa huɗu

Kuloci mai zamewa ba ya ɓuya. Ka sa giya ta sama, ka nufi hawa ko yashi, ka murɗa totur: inji zai ɗaga murya, gudu kuwa yana nan inda yake, wani lokaci har da ƙaurin baƙin mai. Babur mai ƙafa huɗu ya fi mai ƙafa biyu saurin cin kuloci, domin ya fi nauyi, tayoyinsa masu faɗi ne, kuma aikinsa a rairayi da taɓo da jan kaya yake.

Bayanin nan ya fi shafar masu injin CG na cc 200 da 250, irin 'yan China masu hannun kuloci. Dangin injin ɗaya ne da na baburan CG da aka saba gani da na keken ɗaukar kaya, don haka kayansa ba sa wuyar samu.

Kada ka fara da kwance inji. Fara da wayar kuloci. Hannun kuloci yana bukatar wasa na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ka ji ya fara ja. Idan babu wasan, kulocin a ɗan buɗe yake kullum, kamar an ɗora masa yatsa ba a ɗauke ba. Kuma yayin da faiba, wato faya-fayan da ke kamawa a cikin kuloci, ke cinyewa wasan raguwa yake yi, shi ya sa babur ɗin da aka saita lafiya bara zai iya fara zamewa bana ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sassauta wayar daga sama ko daga wajen inji, ka tabbatar tana komawa da kanta, ba ta cije da tsatsa ko yashi ba.

Sai mai. Kulocin nan a cikin baƙin mai yake wanka, kuma man mota na zamani, musamman mai ruwa-ruwa da aka yi don rage shan fetur, yana da sinadarin ƙara santsi wanda faiba ba ta jituwa da shi. Nemi galan mai ɗauke da alamar JASO MA ko MA2, 20W-50 ko 10W-40. Idan kwanan nan aka zuba man da bai dace ba, juye shi da zafinsa ka zuba na babur, sau da yawa zamewar takan tafi. In an daɗe ana yawo da shi, faibar ta riga ta sha, sai canji.

Ƙananan masu cc 110 da 125 da ba su da hannun kuloci suna da sukurun saiti a jikin murfin dama. A sassauta macen notin da ke riƙe da shi, a juya sukurun hagu a hankali har a ji ya ɗan tokare, a mayar da shi dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe shi da sukundireba a ɗaure.

In waya da mai ba su warware matsalar ba, sai buɗewa. Wanke gefen injin tukuna, don yashin da ke maƙale a jikin murfi ciki zai faɗa. Juye mai, cire waya da kik in akwai, sannan notocin murfin dama, masu kai lamba 8. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana siffar murfin a kan kwali, ka huda, ka soke kowane noti a gurbinsa, domin dogon noti a gajeren rami yana cikin abubuwan da ke fasa murfi ko karya notin kansa. A bakin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, akwai wani ɗan kwano mai sukuru uku wanda ke tace mai ta hanyar juyawa. Yana tare hanyar kuloci, sai an cire shi, kuma macen notinsa mai tsaga huɗu ce, tana da soket nata na musamman. Masu bugunta da guduma da kurfi suna gama aikin yau su bar wa na gaba wahala. Tunda ka buɗe, kankare baƙin laka da ya taru a cikin kwanon.

Notoci huɗun da ke danne sifirin na kuloci (a wasu injinan sun fi huɗu) a sassauta su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, har ƙarfin sifirin ya ƙare. Bayan nan sai zoben ƙarfe ko macen notin tsakiya, faya-fayan su fito gaba ɗaya.

Sabuwar faiba kaurinta kusan milimita 3 ne. In ta sauka ƙasa da 2.6, ko ta yi baƙi tana ƙyalli kamar tangaran, ta gama aiki. Faya-fayan ƙarfe kuma a kwantar da kowanne a kan gilashi: wanda ya yi shuɗi saboda zafi, ko ya lanƙwashe har ratar ta wuce milimita 0.2, a jefar. Sifirin ne aka fi mantawa da su. Zafi yana kashe musu ƙarfi, sai a sa sabuwar faiba a kan gajiyayyun sifirin, bayan wata biyu a dawo ana zagin mai kaya. Jera su kusa da sabo, in sun gaza da fiye da milimita ɗaya a canza duka huɗun tare.

Yanzu ga notin da ya karye, wanda galibi ɗaya ne daga cikin huɗun nan. M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, siriri, ƙarfin ɗaurinsa a sifana mai awo Nm 10 zuwa 12 kacal. Yana da iyakar da yake tsayawa, kuma ƙara masa ɗauri ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan. Amma mai fama da zamewa sai ya ga kamar in ya ƙara murɗawa kuloci zai ƙara kamawa, sai ka ji ƙas, kan noti ya biyo sifana.

Abin farin ciki a injin CG shi ne guntun ba a jikin inji ya maƙale ba. Yana cikin ɗaya daga ƙafafu huɗu na faifan alminiyon da ke matse faiba daga baya, kuma wannan faifan fita yake yi. Kai shi kan tebur, kada ka huda komai a bakin buɗaɗɗen inji. Notin da ɗauri ya karya, ba tsatsa ba, da zarar kansa ya fita ya saki jiki. Sau da yawa in ka kafa ɗan ƙarfe mai tsini a gefen guntun, ka riƙa bugawa a hankali ta hagu, zai fara juyawa har ka ƙarasa da yatsa. In ya leƙo waje, filaya mai kullewa ta isa, ko a tsaga kansa da zarto a juya da sukundireba.

In ya karye a ciki kuma ya ƙi motsi, daidaita fuskarsa, ka buga alama a tsakiyarsa daidai. Wannan alamar ita ce rabin aikin, domin ƙarfen noti ya fi alminiyon tauri, bakin huda kuwa wuri mai laushi yake nema, in ya zame gefe ya cinye tiredi. Yi amfani da baki na milimita 3 mai yanka ta hagu, injin huda yana juyawa baya, a hankali, da ɗigon mai. Yawanci kafin ramin ya yi nisa bakin zai cafki guntun ya fito da shi. Ɗan ɗumama alminiyon yana taimakawa, tunda ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu.

Ƙarfen zaro noti, mai kama da sukuru mai juyin hagu, a yi hattara da shi. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma in ya karye a ciki bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Da ka ji yana murɗewa guntun bai motsa ba, tsaya.

Idan tiredin ya lalace, ko ƙafar ta tsage, sayi sabon faifan. Ba shi da tsada, kuma abu ne da ke juyawa dubban zagaye a minti, ba wurin faci ba ne. Haɗa kulocin da noti uku ma ba dabara ba ce: matsin zai karkace, ya riƙa zamewa yana kuma ja a lokaci guda.

Notin murfi da ya karye a jikin inji shi ne mai wahala, tunda ba a kai shi tebur. Toshe ko'ina da tsumma mai tsabta, ka shafa giris a bakin huda don ya riƙe garin ƙarfe. Mai walda zai iya ɗora macen noti M8 a kan guntun ya cike tsakiyarta, waldar ba ta kama alminiyon, zafin kuma yana sassauta tsatsa. Cire kan batir da filogin CDI, wato akwatin da ke ba inji wuta, kafin a kunna walda. In tiredi ya tafi, a huda da baki na milimita 6.3 a sa zoben gyaran tiredi na M6, wanda ya fi na asali ƙarko.

Wajen haɗawa, jiƙa sabuwar faiba a cikin man da za ka zuba na awa biyu ko uku, kwana ma ya fi. Busasshiyar faiba tana ƙonewa tun tashin farko. Ana farawa da faiba a ƙare da faiba, ƙarfe a tsakani. Canza notocin sifirin duka huɗu, domin sauran ukun hannun da ya karya ɗan'uwansu ne ya ɗaure su, sun riga sun miƙe. A sayi masu lamba 8.8 a ka, tsawo ɗaya da na asali. Ɗaure su a tsallake, zagaye-zagaye. In babu sifana mai awo, kama ƙaramar sifana kusa da kanta, da noti ya zauna ka ƙara ɗan kaɗan ka bari.

Sa sabon fakin, wato takardar da ke hana mai yoyo a bakin murfi, kada ka cika gam, saboda mai yana bi ta cikin murfin nan zuwa karanshaf, guntun gam ɗaya kuma ya isa ya toshe hanyar. Duba ƙananan bututun ƙarfe biyu da ke daidaita zaman murfi suna nan. Zuba mai kusan lita ɗaya, ka duba da sandar awo babur yana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka saita wasan waya. Bayan tafiyar farko, inji ya huce, sake duba wasan, domin sabuwar faiba tana zama ta canza shi. In an yi huda a jikin inji, juye wannan man bayan 'yan awoyi na aiki, ka wanke ragar tace mai da ke bayan babban murfin juye mai.