Yadda ake canza oyil sil na shokozobar gaban mashin idan ya cije

Alamar farko ita ce zoben mai da ke fitowa a jikin sandar shokozoba duk lokacin da gaban mashin ya nutse ya taso. A Sakkwato zoben nan ba ya daɗewa yana ƙyalli. Kafin ka je Kwannawa ka dawo ƙura ta manne masa, ya zama baƙar laka yana gangarowa wajen taya. 'Yan kabu-kabu da yawa sukan ɗaure wurin da tsumma su ci gaba da nema. Tsumman zai tare man na 'yan kwanaki, amma yashi yake tarawa, yashin kuma sandar yake ci. Idan man ya ƙare, gaban mashin zai riƙa dukan hannunka a kowane rami. Idan kuwa ya sauka cikin birki, fatar birkin ta tashi aiki.

Canza sil ba wani babban aiki ba ne. Inda ake shan wahala shi ne idan tsohon ya cije. Sil roba ce da aka lulluɓe zoben ƙarfe da ita, tana zaune a bakin bututun ƙasa wanda aka yi da alminiyom. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana busar da robar ƙura da ke samansa har ta tsage. Daga nan ruwan damina da na masu wankin mashin ya samu hanya, ya kwanta a kan kilif, wato zoben wayar da ke tare sil ɗin kada ya fito, tsatsa ta kama, komai ya manne.

Ka tanadi sifanu, alanki, sukudireba mai faɗin baki, filaya, guduma, kananzir, sanfefa mai laushi sosai (lamba 1000 ko sama), leda, tsummoki masu tsabta, guntun bututun roba irin na famfo wanda zai zura a kan sanda, da butar tafasasshen ruwa. Sil biyu za ka saya da robar ƙura biyu, ko da ƙafa ɗaya ce ke yoyo. A jikin kowane sil akwai lambobi uku, misali 30×42×11, wato faɗin ciki, faɗin waje da kauri, duk a milimita. Kada ka tsaya ga cewa "na Boxer" ko "na Jincheng". Ka tafi shago da tsohon sil ɗin, a gwada lamba da lamba.

Tun mashin yana tsaye

Abu biyu ake sassautawa kafin a zare shokozoba daga jikin mashin. Na farko notin saman kowace sanda. Idan ka bari sai ka zare ta, ba abin da zai riƙe maka ita, daga nan ne yara suke kama sanda da filaya su yi mata tabon da ba ya gyaruwa. Sassautawa kawai, ba cirewa ba.

Sai ka ɗora mashin a jak ɗin tsakiya, ka tokare ƙasan inji da itace har tayar gaba ta bar ƙasa. Cire wayar birki da ta mita, zare sandar taya, fitar da taya da madigad. Yanzu ka leƙa gindin bututun ƙasa, za ka ga kan bolti na alanki a ɓoye cikin rami. Shi ne na biyu. Ka fasa ƙarfinsa tun sifirin yana ciki, domin matsin sifirin ne ke hana ƙarfen da ke ciki juyawa tare da shi. Ka share ramin da kyau, alankin ya zauna har ƙasa, sannan ka fizge shi da sauri maimakon ja a hankali.

Sassauta boltin da ya matse sanda a wuyan mashin, ka murɗa ta ƙasa ta fito. Ƙafa ɗaya-ɗaya ake yi, don kada kayan ciki su cakuɗe. Wajen cire notin sama ka danne shi da tafin hannu, fuskarka a gefe, saboda sifirin na iya cillo shi. Ka lura da gefen sifirin da ke sama, haka za ka mayar da shi. Juye man a gwangwani, ka tura sanda ka ja har ya tsiyaye. Ƙarasa cire boltin gindi, ka adana ƙaramar washar jan ƙarfe da ke jikinsa. Ɗaga robar ƙura, ka zaƙulo kilif da bakin sukudireba. Idan tsatsa ta rufe shi har ba ka ganinsa, ka kankare ka nemo shi. Muddin kilif yana nan, ko za ka kwana kana duka sil ba zai motsa ba.

Inda aikin yake

A yawancin ƙananan mashinan da ke yawo a gari, sanda za ta zare salin-alin ta bar sil a bakin bututu. A wasu manya kuwa akwai bushi, wato wani zoben ƙarfe, a ƙarshen sanda, sai an riƙa fizgar ta da ƙarfi sau da yawa bushin ya buɗo sil ɗin waje. Idan ka fizga ka ji ta tokare, irin wannan ce.

To, ga sil ya ƙi fita. Abin da za ka riƙe a ranka shi ne mazauninsa, wato zagayen alminiyom ɗin da yake zaune a ciki. Sil kuɗi kaɗan ne. Amma idan sukudireba ta yi wa mazaunin nan gatsa, mai zai riƙa bi ta bayan sabon sil, sai dai a sayi wani bututun.

Fara da jiƙo. Zuba kananzir ko man feshin sakin tsatsa na WD-40 a zagayen, ka bar shi ya yi kamar rabin awa. Sannan ka goge, ka kwarara tafasasshen ruwa a wajen bakin bututun, a hankali, kana juya shi. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka bututun zai saki zoben da ke cikin sil. A tsakiyar bazara, ajiye bututun a rana daga hantsi zuwa azahar ma yana rage maka rabin aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kai shi wurin mai walda a hura masa wuta: fenti ya ƙone, baki ya karkace, ga kuma kananzir a jiki.

Tun da zafinsa, ka naɗe bututun da tsumma ka riƙe, ko yaronka ya riƙe maka. Ɗora guntun fata ko tsohuwar robar tayar ciki a kan leɓen bututun, ka sa bakin sukudireba a ƙarƙashin sil, ka ɗan danna. Kada ka nemi ya fita daga gefe guda. Ɗaga nan kaɗan, koma ɗaya gefen, sannan tsakaninsu, kamar mai buɗe murfin gwangwanin fenti. Idan ya huce bai fita ba, a sake zuba ruwan zafi.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai dabarar mai. Mayar da sanda, ɗaure boltin gindi, cika ƙafar da mai har baki ba tare da sifirin ba, ka rufe notin sama. Kilif fa a cire yake. Naɗe bakin bututun da tsumma, ka danna sandar da ƙarfi, ko da jak ɗin mota a ƙarƙashin wani abu mai nauyi. Mai ba ya matsuwa, dole ya nemi mafita, sai ya turo sil daidai ta kowane gefe. Za ka ɓaci da mai, amma mazauni zai tsira.

Kafin sabo ya shiga

Wanke komai da kananzir, ka kankare ramin kilif, ka shanya a inda iska ba ta kawo ƙura. Da hunturu gara a shiga cikin shago. Sannan ka bi sandar da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farce ya sarƙe, nan ne zai yanka sabon sil. Ƙananan ƙuraje na tsatsa suna gogewa da sanfefa da ɗan mai. Rami mai zurfi a inda sil yake kai da komo ba shi da magani sai canjin sanda. Ka kuma mirgina ta a kan gilashi. Mashin da ya saba ɗauko buhunan albasa daga Wurno ko Goronyo, ko ya taɓa karo, sau da yawa sandarsa ta ɗan lanƙwashe ba a sani ba.

Haɗa sanda da bututu, ɗaure boltin gindi da washarsa. Rufe kan sanda da leda, shafa wa leɓen sil mai, ka zura shi: rubutu sama, gefen da ke da siririn sifirin ƙasa wajen mai. Ɗora tsohon sil a kansa, ka zura bututun famfon nan ka riƙa bugawa a hankali har ramin kilif ya bayyana duka zagaye. Sa kilif, ka tabbata ya faɗa ramin, sannan robar ƙura.

Mai kuma, a sa man shokozoba 10W, in babu a sa jan man giya na mota mai otomatik. Baƙin man da aka juye daga inji ba mai ba ne. A auna da sirinji gwargwadon abin da littafin mashin ya ce, ƙafafun biyu daidai wa daida. Tura sanda ka ja kamar sau goma iska ta fita, sannan sifirin da notin sama.

Mayar da ƙafafun tsayinsu ɗaya. Bayan ka sa taya, kafin ka ƙarasa ɗaure notin sandarta, sauke mashin, kama birkin gaba ka danna kan mashin ɗin sau biyar ko shida don komai ya zauna. Sai ka ɗaure, ka goge sandunan tas, ka zaga unguwa ka dawo ka duba. Ɗan danshi a zagayen farko man da ka shafa ne. Idan ka goge ya sake fitowa, ka koma kan sandar da farce.