Kwabad a kulle, makulli a hannun kowa: kurakuran ajiyar magunguna masu ƙarfi

Duk shekara sai an turo mana sababbin nas-nas da masu haɗa magani, kuma duk shekara magana ɗaya nake maimaitawa a gaban kwabad ɗin allurai har bakina ya gaji. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Ina nufin kwabad ɗin ƙarfe da muke kira DDA, inda ake kulle pethidine da morphine da pentazocine da diazepam, da kuma akwatunan zamani masu lambar sirri ko zanen yatsa da wasu asibitoci suka fara saye, har da ƙaramin akwatin da ake ajiyewa a gida idan akwai mai jinya.

Ba don ado ake kulle waɗannan magunguna ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe ciwo irin su tramadol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayu na wannan shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wanda ya kamu yana neman magani ko'ina, kuma wani lokaci a cikin farar riga yake, yana aiki kusa da kai.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona min rai, shi ne yawo da makulli. Za ka shiga ɗakin marasa lafiya ka ga kwabad mai ƙofa biyu, an kashe kuɗi an sayo, amma makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ko a cikin durowar tebur ƙarƙashin littafin rahoto, inda hatta mai shara ya san wurin. Ko kuma ka ji ana cewa, "Sista, ara min makulli in ɗauko allura ɗaya," ita kuma ta miƙa ba tare da ta ɗago kai ba. To me aka kulle?

Na ɗanɗana kuɗar wannan sakaci a wani asibiti da na taɓa riƙe sashe. Na dawo aiki da safe aka ƙirga pentazocine aka ga bai cika ba. Da aka bi diddigi, sai ga shi makullin ya bi ta hannun kusan duk wanda ya yi aikin dare, babu wanda ya sa hannu da ya karɓa, babu wanda ya sa hannu da ya mayar. Ni ce mai sashe, don haka ni na dinga zarya gaban kwamiti. Amma ba wahalata ce ta fi damuna ba. Zargi ya faɗa kan wata ƙaramar nas, sabuwar amarya, don kawai ita ce baƙuwa a cikinmu. Magana ta fita daga asibiti ta kai gidan surukanta. Ina tuna yadda ta zauna a ofishina tana murza gefen hijabinta tana cewa, "Wallahi Anti, ko taɓa kwalin ban yi ba." Daga baya gaskiya ta fito, wani tsohon ma'aikaci ne da ya daɗe da kamuwa da allurar, amma kafin nan yarinyar ta ajiye aiki. Makulli ɗaya da aka bari yana yawo ya ci mutuncin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, ya kuma ƙara wa mai ciwon kamuwa watanni yana halaka kansa ba wanda ya lura.

Tun daga nan ga yadda nake yi, kuma ba na sassautawa ko ga wa. Mutum ɗaya ne ke riƙe makulli a kowane zangon aiki, a jikinsa, da igiya a wuya ko a maƙale cikin aljihu. Mai buƙatar allura ya kira mai makulli su je tare. Lokacin miƙa aiki, mai fita da mai shiga su tsaya a gaban kwabad su ƙirga, ɗaya yana karanta rajista, ɗaya yana taɓa kaya. A buɗe kowane kwali da aka riga aka fasa, a ɗaga kowace ƙaramar kwalba a karanta sunan da ke jikinta, domin mai sata yakan cusa kwalbar ruwan allura a gurbin wadda ya ɗauke, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Sai an gama duka biyun su sa hannu, sannan makulli ya canza hannu.

Na san abin da ke hana ku. Kunya ce. Yaro ya ga ba zai iya ce wa babbar sista da ta haife shi "mu ƙirga" ba, kar a ce ya raina ta ko yana zarginta. Ku cire wannan daga ranku. Ƙirgar nan ita ce ke wanke ta, ita ce ke wanke ku. Babbar da ta san aikinta ita za ta fara cewa a ƙirga, wadda kuma ta ɓata rai don an nemi a ƙirga, ku gaya wa shugaban sashe a ranar, kada ku jira.

Masu akwatin lantarki kada su ɗauka sun tsira. Abin da ake yi wa makulli shi ake yi wa lambar sirri, har ma ya fi muni, don makulli idan ka ba da shi ka san ba ya hannunka, lamba kuwa tana iya zama a kan mutum goma lokaci guda. Na ga lamba a rubuce a kan filasta an manna a gefen akwatin. Na ga sashe guda yana aiki da lambar mutum ɗaya wai don a rage ɓata lokaci. Amfanin na'urar gaba ɗaya shi ne ta rubuta wane ne ya buɗe, da ƙarfe nawa, me ya ɗauka. Idan ka ba wani lambarka, duk abin da ya ɗauka da sunanka aka rubuta, kuma ranar da NDLEA ko hukumar masu haɗa magunguna ta zo, takarda za su duba, ba rantsuwa ba. Kowa da lambarsa, ba 1234 ba, ba shekarar haihuwa ba. Ka fita daga na'urar kafin ka juya baya. Wanda aka canza wa wurin aiki ko ya yi ritaya, a goge shi a ranar da ya tafi.

Kuskure na biyu shi ne "zan rubuta anjima". Ba a rubutawa anjima. Mara lafiya na ihu, 'yan uwa sun cika ƙofa, ka ɗauki allura ka ruga, kafin ka dawo an kawo wani, ƙarfe biyar na asuba kuma kana zaune kana ƙoƙarin tuno wa ka ba me. Daga nan ake fara ƙirƙirar lissafi don rajista ta daidaita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mai sata ya fi son rajistar da aka saba cike ta da ka. Ni rajistata a buɗe take kafin ƙofar kwabad ta buɗe. Sunan mara lafiya, lambar katinsa, likitan da ya rubuta, adadin da aka ɗauka, abin da ya rage, duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Idan ka yi kuskuren rubutu, ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, ka sa hannu a gefe. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi.

Sai kuma ragowar allura, wadda nan ne yawancin magani ke sulalewa ba a sani ba. Likita ya rubuta miligiram 50 na pethidine, kwalbar kuma 100 ce. Ina rabin ya tafi? Sabon ma'aikaci zai zuƙe shi a sirinji ya ajiye a tire wai ko za a buƙata. Wani ya ce ya zubar, amma ba wanda ya gani. A zubar da ragowar nan take, a gaban shaida, shaidan ya gani da idonsa sannan ya sa hannu. Sa hannu a kan abin da ba ka gani ba shaidar zur ce, ko abokinka ne ya roƙe ka. Kwalbar da ta fashe ma haka, a kira wani ya gani kafin a share.

Akwai wani haɗari da ya shafi manyan na'urorin raba magani irin su Pyxis da Omnicell, waɗanda ke buɗe durowa bayan an tabbatar da takardar likita. Suna da hanyar gaggawa ta tsallake wannan tabbatarwa, kuma ma'aikata sukan mayar da ita hanyar kullum. A watan Disamba na 2017, a asibitin Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a Amurka, wata nas ta je ɗauko maganin kwantar da hankali mai suna Versed, ba ta gan shi a jerin ba, sai ta bi hanyar gaggawa ta buga haruffa biyu, V da E. Na'urar ta ba ta vecuronium, maganin da ke shanye tsokoki har da na numfashi. Ba ta karanta jikin kwalbar ba, ta yi wa wata dattijuwa mai shekara 75, matar ta rasu. A 2022 kotu ta sami nas ɗin da laifi. Na'urar ta gane wadda ta buɗe ta sarai, amma ba aikinta ba ne ta karanta kwalba a madadin mutum. Ni ina karanta suna sau uku: lokacin ɗauka, lokacin zuƙa, da bakin gadon mara lafiya.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwatin da ba a ɗaure shi da bango ko ƙasa ba, ɗauke shi za a yi gaba ɗaya. Kada a mayar da kwabad ɗin magani ma'ajiyar kuɗin adashi da wayoyi, don kowane ƙarin dalilin buɗewa ƙarin hannu ne. Makullin ko-ta-kwana ba a cikin akwatin ake ajiye shi ba, a ambulan mai hatimi yake zama a wurin shugaba. A canza batirin makullin lantarki a kan lokaci, ba sai ya mutu da tsakar dare ba. Mai karanta zanen yatsa yakan ƙi yatsan da ya sha lalle ko ya bushe da hunturu, don haka a yi rajistar yatsa fiye da ɗaya. Maganin da ya lalace a ware shi a rubuta, amma ya ci gaba da zama a kulle har a karɓe shi. Yawancin magunguna ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ga shi a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40, saboda haka akwatin ƙarfe ba ya zama kusa da taga ko jikin bangon da rana ke duka.

A gida kuma, iyaye, saman wadirob ba kulle ba ne, yaro ɗan shekara uku yana jan kujera ya hau. Murfin da ake dannawa a murɗa yana jinkirta yaro ne kawai. Ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, waɗanda ake gani kamar alewa, suna iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiye da yawa, haka ma maganin hawan jini da na suga na kaka da ke zube a cikin jaka. Ƙaramin akwati da kwaɗo ya isa, makullin a jikin mai kula da mara lafiya, kuma a riƙa ƙirga ƙwayoyin tramadol ko morphine duk mako idan akwai matasa ko yawan baƙi a gidan. Idan mara lafiya ya warke ko Allah ya yi masa rasuwa, a kwashe abin da ya rage a mayar wa mai haɗa maganin asibitin da ya bayar, kada a ba maƙwabci don ya ce shi ma ƙafarsa na ciwo.