Yadda ƙaramar hukuma za ta ba ɗan kasuwa filin jama'a ya gina ba tare da an yi da-na-sani ba

A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen harabar otal ɗin Daula, waɗanda aka yi bisa izinin gwamnatin da ta gabace ta. Shari'a ta biyo baya, har Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Duk ciyaman ɗin da ke shirin miƙa kasuwa ko tasha ga mai zuba jari, ya san cewa irin wannan rigima tun kafin a sa hannu ake shuka ta.

Fara da tabbatar da filin na wane ne. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Kula daban, mallaka daban. A kira safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a samo takardar shaidar mallaka da sunan ƙaramar hukumar, sannan a nemi amincewar gwamna a rubuce kafin a ba wani haya. Filin idi, maƙabarta, harabar makaranta da hanyar ruwa kuwa, kada ma a sa su cikin lissafi.

Sai kimantawa. A ɗauki mai kimanta kadarori mai rajista, hukuma ta biya shi da kuɗinta. Idan mai neman filin ne ya kawo nasa, an ba kura ajiyar nama.

Kada a sayar. A yi yarjejeniyar gina, ka ci moriya, ka mayar, kuma shekarun su fito daga lissafi. A ce ginin zai ci naira miliyan 480, shaguna 200 ne, kowanne hayarsa dubu 300 a shekara: miliyan 60 ke nan, uwar kuɗi ta dawo cikin shekara 8. Idan an ƙara riba da kuɗin gyara da faɗuwar darajar naira, shekara 15 ta wadatar. Wanda ya nemi 40 a kan wannan lissafi, kasuwar yake so ya gada.

A tallata aikin a jarida da rediyo da allon sakatariya, a ba da aƙalla mako 6, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a. Ko da wani ne ya kawo shawarar da kansa, a bar wasu su taya. In an fi shi, a ba shi damar daidaita tayinsa. A duba rajistar kamfani, takardar haraji, bayanan asusun banki, a kuma je a ga ginin da ya taɓa kammalawa da ido. Da yawa daga masu neman ba su da jari: shagunan da ba a gina ba suke sayarwa su tara kuɗin aikin, in ciniki ya tsaya, gini ya tsaya a linta. Maganinsa garanti daga banki, da sharaɗin ba a karɓi kuɗin kowa ba sai an zuba dakin, wato rufin kankare, kuma kuɗin ya shiga asusun da ɓangarorin biyu ke sa wa hannu.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne tsofaffin 'yan kasuwa. Kafin a taɓa rumfa ko ɗaya, a ƙirga su tare da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya, da suna da hoto da lambar rumfa, har 'yan tebur. A liƙa jerin a ƙofar kasuwa don mai ƙorafi ya yi. A tanadi matsugunin wucin gadi, a rubuta cewa su za a fara ba alokeshan, wato rabon shaguna, da farashin da za su biya da tsawon lokacin biya. In ba haka ba, ranar rabo sunayen 'yan siyasa da dillalai za a gani.

Yarjejeniyar ta faɗi ranar kammalawa, tarar kowane wata na jinkiri, kason hukuma, da lokacin da za a ƙwace aikin a ba wani. Ta haɗa da magudanar ruwa, banɗakuna, rijiyar burtsatse da hanyar da motar kashe gobara za ta bi, don su ake fara cinyewa a mayar shaguna. Majalisar kansiloli ta amince da ita a zama, a rubuta a kundi, a ajiye kwafi a ma'aikatar filaye. Injiniyan hukuma ya riƙa zuwa da taswirar da aka amince da ita yana ƙirga shaguna duk wata.