Yadda za a koyar da tarihin sarautar Talfur ba tare da sunaye sun cakuɗe ba

Malamin da zai kai wannan darasi gaban ɗalibai a makarantun zango, a Aboabo ne ko Asawase cikin Kumasi, ya fara da taswira kafin kowane suna. Zana Kogin Indus daga sama zuwa teku, ka ɗiga wurare huɗu: Khairfur a arewa, Haidarabad a kudu, Mirfur Khas gabas da ita, Karaci a bakin teku. Ƙasar Sind ke nan, cikin Pakistan ta yau. Ka gaya wa yara tun da wuri cewa wannan Haidarabad ba ta Indiya ba ce; nan ne tuntuɓen farko.

Talfurawa ƙabilar Baloc ce. Da can sojoji da fadawa ne a hannun sarakunan Kalhora masu mulkin Sind, har zaman ya lalace saboda kisan da Kalhora suka yi wa manyan Talfurawa. A 1783 Mir Fateh Ali Khan ya ci Kalhora a yaƙin Halani. Rubuta 1783 a saman allo, 1843 a ƙasa: shekara 60 cif.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka jera sarakunan a layi ɗaya kamar jerin sarakunan Kano, domin ba gadon sarauta ɗaya ba ne. Tsaga allo gida uku. Gidan Shahdadani a Haidarabad, gidan Sohrabani na Mir Sohrab Khan a Khairfur, gidan Manikani na Mir Tharo Khan a Mirfur Khas. Kowane gida da ƙasarsa da harajinsa. A gidan Haidarabad ma sai ka ƙara tsaga layin farko huɗu, don Fateh Ali ya yi mulki tare da ƙannensa uku, Ghulam Ali da Karam Ali da Murad Ali, ana ce musu Char Yar, wato aminai huɗu. Duk sunan da ka rubuta, ka maƙala masa garinsa. In ba haka ba yaro zai haɗa Murad Ali na Haidarabad da Ali Murad na Khairfur, mutum biyu daban, kuma wannan kuskuren har a rubutun manya ana ganinsa. Alli kala uku ya fi dogon bayani. Mir kuwa muƙami ne, daga kalmar amir, ba suna ba.

Abubuwan tsakiya ba sa son ɓata lokaci: karɓe Karaci daga hannun Khan na Kalat a 1795, ganuwar Kot Diji da Mir Sohrab ya gina, sai Turawan Ingila suka kama Karaci a 1839.

Ƙarshen mulkin shi ya cancanci minti goma. Ranar 17 ga Fabrairu 1843 Charles Napier, janar ɗin Ingila, da sojojin da ba su kai 3,000 ba, ya karya rundunar Talfurawa a Miyani. Ranar 24 ga Maris aka sake gwabzawa a Dabbo da Mir Sher Muhammad na Mirfur Khas, inda Hoshu Shidi, sarkin yaƙi mai asalin Afirka, ya rasu. Tambayi aji: me ya sa mutane kaɗan suka ci masu yawa? Igwa da horon soja na ciki, amma ka nuna musu layuka ukun nan. Ali Murad ya bi Turawa, shi ya sa a layin Khairfur kaɗai ba za ka ja ƙarshe a 1843 ba. Masarautar ta shiga Pakistan a 1947, aka rushe ta a 1955.

Don shekarun su zauna a kai, ɗaura su da na gida: jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804 ya faɗo tsakiyar zamanin, Kwaku Dua na Farko ne a kan kujerar Asante lokacin Miyani, shekara guda bayansa kuma sarakunan Fante suka sa hannu a yarjejeniyar 1844 da Turawan Ingila.

Ɗaliban Islamiyya za su nemi shekarar Hijira. Cire 622, ka raba abin da ya rage da 0.97: 1843 ta ba da 1259. Mai bincike a intanet ya rubuta Talpur da Khairpur da harafin p, in ba haka ba ba abin da zai fito.