Yadda za a tare ɓarkewar cuta a makarantar yara

Rajistar kiran suna ita ce ke fara nuna alama. Idan yara uku ko huɗu na aji ɗaya sun yi fashi cikin mako guda saboda zazzaɓi, tari ko gudawa, shugaban makaranta ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa, ko ya kira NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, a lambar waya 6232. Ɓoyewa don gudun kada iyaye su janye 'ya'yansu shi ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Yaron da jikinsa ya kai 38 a ma'aunin zafi, a zaunar da shi wuri mai iska tare da malama ɗaya har iyayensa su zo. Mai ƙyanda kada ya dawo sai ƙurajen sun kwana huɗu da fitowa, domin tun kafin su fito yake yaɗa ta.

A ajin nazire na ƙananan yara, hannu ne babbar hanyar yaɗuwar cuta: kofi ɗaya a bakin randa, kayan wasa daga baki zuwa baki. A sa bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji, a wanke hannu daƙiƙa 20. Bilic (ruwan kashe ƙwayoyin cuta) mai ƙarfin 3.5%, a haɗa kofi 1 da ruwa kofi 34 don goge benci. Wurin amai kuwa, 1 da 6. Kullum a haɗa sabo, na jiya ya sane, kuma a ɗaga shi inda yara ba sa kaiwa.

Lokacin hunturun Kaduna ana rufe tagogi saboda ƙura. A bar biyu masu kallon juna a buɗe, yara su ƙara rigar sanyi.