Mita tukuna, sifika daga baya: yadda nake haɗa amfilifaya da gano cutarta

Duk wanda ya same ni da sha'awar haɗa amfilifaya da hannunsa, na kan roƙe shi ya ajiye maganar wat ɗari biyar a gefe tukuna. Kunnen mutum ba ya lissafi irin na takarda. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ƙarin da za ka ji kaɗan ne, desibel 3 kacal a ma'aunin ƙarfin sauti. Kafin kunne ya yarda cewa murya ta ninku, sai ƙarfin ya kai wajen ninki goma. Wat 10 mai tsabta a kan sifika mai kyau ya isa ya cika ɗaki har a ce ka rage. Abin da ya fi yawan wat muhimmanci shi ne ka san abin da ke faruwa a cikin abin da ka haɗa, kuma mita, wato na'urar auna wutar lantarki, ita ce ke faɗa maka wannan kafin kunne ya ji komai.

Ka fara da ƙaramin aisi (IC), wato ɗan guntun da aka cusa kayan lantarki da yawa a cikinsa, mai suna LM386. Ƙafafunsa takwas, batir mai bolt 9 ya ishe shi, babu wutar da za ta ja ka, kuma ko ka ƙona shi ba ka yi wata asara ba. Ƙafa ta 6 ita ke karɓar fozitif, ta 4 tana zuwa girawun, wato layin sifili da ake auna kowace wuta daga gare shi. Sauti yana shiga ta ƙafa ta 3 bayan ya bi ta boliyum mai kilo-om 10, ta 2 kuma ka kai ta girawun. Ta 5 ce mafita: daga nan sai kafasita mai maikrofarad 220, sannan sifika mai om 8. A haka yana ninka sauti sau 20. Idan ka sa kafasita mai maikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ninkin zai haura zuwa 200, amma ni ba na ba sabon hannu shawarar haka, domin duk wata hayaniya ma sau 200 za ta ninku. Kada ka manta da abu biyu da masu gaggawa ke tsallakewa: ƙaramar kafasita mai maikrofarad 0.1 daf da ƙafa ta 6 zuwa girawun, da resista mai om 10 haɗe da kafasita mai 0.047 daga ƙafa ta 5 zuwa girawun. Kafin ka saurari komai, ɗora mita a ƙafa ta 5. Ya kamata ka ga rabin wutar batir, wajen bolt 4.5. In ka ga haka, aisin yana da rai.

Bayan wannan ya yi maka magana, sai ka matsa zuwa TDA2030 ko LM1875. Dukansu ƙafa biyar gare su, kuma jerin ƙafafun iri ɗaya ne: ta 1 shigar sauti, ta 2 wadda ake mayar wa da wani ɓangare na abin da ya fita, ta 3 negetif, ta 4 mafita, ta 5 fozitif. Ka nemo takardar bayanin da kamfanin ya fitar, ka bi zanen da ke cikinta. Na fi amincewa da wannan zanen a kan duk waɗanda ke yawo a intanet, domin yawancinsu an cire musu ƙananan kayan da mai zanen ya ɗauka ado ne. A zanen TDA2030 za ka ga resista mai kilo-om 22 daga ƙafa ta 4 zuwa ta 2, sannan mai om 680 da kafasita mai maikrofarad 22 daga ta 2 zuwa girawun. Waɗannan resista biyu su ne ke yanke yawan ninki: ka raba 22,000 da 680, ka ƙara ɗaya, ya ba ka wajen 33. Akwai wata mai kilo-om 22 daga ƙafa ta 1 zuwa girawun, wadda rashinta kaɗai ya isa ya jefa mafita gefe guda.

Maganar wuta ita ce rabin aikin. Taransifoma mai 12-0-12, wato mai bolt 12 a kowane gefe da sifili a tsakiya, ba bolt 12 za ta ba ka ba bayan ta bi ta dayod huɗu, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da manyan kafasita. Ana ninka 12 da 1.41, a cire ɗan abin da dayod ya ci, sai ka samu kusan bolt 16 a gefen fozitif da 16 a gefen negetif, kuma idan babu kaya a kanta takan ɗara haka. Iyakar TDA2030 bolt 18 ne a kowane gefe, ka ga ke nan an kusa bakin gaɓa. TDA2030A yana jure 22, LM1875 kuma 30, shi ya sa na fi son ɗayan waɗannan biyu a kan irin wannan taransifoma. Manyan kafasita su zama maikrofarad 4,700 a kowane gefe, masu jure bolt 25 ko 35. Ka duba alamar negetif a jikinsu sau biyu kafin ka narka dalma, don kafasitar da aka juya takan kumbura ta fashe. Ka sa fis a ɓangaren wutar bango, ka rufe duk wata waya ta wannan ɓangaren yadda yatsa ba zai kai gare ta ba, idan kuma akwatin na ƙarfe ne ka haɗa shi da wayar ƙasa ta soket. Manyan kafasita suna riƙe wuta bayan an kashe, saboda haka ka sauke su da resista mai kilo-om 1 kafin ka sa hannu. Kada ka haɗa bakinsu da sukuddireba.

Ka haɗa ɓangaren wuta shi kaɗai, ka auna shi shi kaɗai, kafin ya ga aisi. Gefen biyu su zo kusan daidai da juna.

Akwai wani abu game da ƙarfen bayan waɗannan aisi da ke cin mutane da yawa. Wannan ƙarfen a haɗe yake da ƙafa ta 3, wato negetif. Idan ka ɗaure shi kai tsaye a farantin alminiyam mai shan zafi, farantin kuma ya taɓa akwati, ka haɗa negetif da girawun ke nan. Ka sa 'yar takardar maika, mai barin zafi ya wuce amma ta hana wuta, tsakaninsu, da zoben roba a wuyan sukurun, ka shafa farin man nan mai kai zafi siriri, sannan ka auna da mita ka tabbatar babu haɗi tsakanin aisi da faranti. Kuma kada ka kunna shi babu faranti ko na minti ɗaya ne, da sunan gwaji.

Yanzu girawun, inda na fi daɗewa a kowane aiki. A takarda layi ɗaya ne, amma a zahiri kowace waya tana da ɗan taurin kanta, kuma duk wutar da ta bi ta cikinta sai ta bar ɗan bambanci tsakanin bakinta biyu. Wayar da ke tsakanin taransifoma da manyan kafasita tana ɗauke da bugu mai ƙarfi sau 100 a daƙiƙa inda wutar bango take da zagaye 50, ko sau 120 inda take da 60. Idan girawun na shigar sauti ya raɓu da wannan wayar, aisin zai ɗauki bugun a matsayin sauti ya ninka shi sau 33. Kamar ka ɗebi ruwan sha ne a inda ake zubar da na wanki. Maganin shi ne ka zaɓi wuri guda, ɗan gaba da mahaɗar manyan kafasita biyu, ka mai da shi matattara. Girawun na sifika ya zo nan da wayarsa, na shigar sauti ya zo da tasa, na ƙananan kafasita su zo da tasu. Kada wani ya hau bayan wani. Wayar shigar sauti ta zama mai riga, wato wadda aka naɗe da ragar ƙarfe, gajera, nesa da taransifoma da wayar sifika.

Ranar kunnawa ta farko, sifika ba ta da aiki a wurin. Ka samu ƙwan fitila irin na dā mai zare a ciki, mai wat 60, ka jera shi a kan waya ɗaya ta wutar bango kafin taransifoma, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinsa. Ƙwan zamani ba ya wannan aikin. Ka kunna kana kallonsa. Idan lafiya, zai yi haske na ƙiftawar ido yayin da kafasita ke cika, sannan ya dushe har ya kusa mutuwa. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa, kuma ƙwan ya tare ta kafin ta ƙona maka kaya. Ka kashe, ka duba dayod da aka juya, ko dalmar da ta tsallaka tsakanin ƙafa biyu, ko farantin nan da muka yi magana.

Ƙwan ya dushe? To, ka juya mita zuwa DC, wato awon wuta irin ta batir, baƙar waya a girawun. Ƙafa ta 5 ta nuna kusan 16, ta 3 ta nuna kusan 16 da alamar ragi, ta 4 kuma ta tsaya daf da sifili, ƙasa da milibolt 50. Wannan awon na ƙarshe shi ne ke ceton sifika. Idan mafita ta nuna bolt 15, ko dai aisin ya mutu, ko resistar da ke komawa ƙafa ta 2 ba ta kama ba, ko ta ƙafa ta 1 babu. Da ka haɗa sifika a haka, da zaren cikinta ya soye cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da ka ji waƙa ko ɗaya ba. Sai awon nan uku sun yi daidai sannan ka kawo tsohuwar sifika wadda ba ka jin asararta, boliyum a ƙasa.

Idan shiru ka ji, ka taɓa bakin shigar sauti da yatsa. Amfilifaya mai rai za ta yi gurnani. In ta yi, matsalar tana baya: boliyum, jak, ko wayar da ta taho daga abin da ke ba da sauti. In ba ta yi ba, ka gwada sifikar kanta da batir mai bolt 1.5, za ka ji ƙas idan lafiyarta lau. Mita kuma takan nuna om 6 zuwa 7 a sifika mai om 8, wannan ba lahani ba ne.

Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa shi ya fi yawa. Kafin ka canza komai, ka haɗa bakin shigar sauti da girawun da 'yar guntuwar waya. Idan gurnanin ya ɓace, daga waje yake shigowa, sai ka bi wayar shiga da rigarta. Idan ya zauna, na cikin gida ne. Ka matsar da taransifoma ko ka juya ta kana saurare, in muryar ta canza ka gano mai laifi. In ba ta canza ba, ka koma kan tsarin girawun, sannan manyan kafasita, musamman idan daga tsohon kaya ka ciro su, domin sukan bushe da shekaru. Na sha ganin an canza aisi sau da sau saboda gurnani, alhali aisi kusan bai taɓa zama sanadinsa ba.

Cutar da ta fi ɓoyewa ita ce amfilifayar da ke zafi ba tare da ana kiɗa ba. TDA2030 a zaune wajen miliamf 40 yake ci, saboda haka ɗumi kawai ya kamata ka ji a faranti. Idan ya yi zafin da yatsa ba zai zauna ba, mai yiwuwa yana kuka ne da murya mai tsinin da kunne ba ya ji. Shaidarsa tana jikin resista mai om 1 da zanen kamfani ya haɗa da kafasita mai maikrofarad 0.22 a mafita: za ka same ta da zafi, wani lokaci har ta yi baƙi. Sanadin yawanci dogayen wayoyi ne, ko wayar fita da ta kwanta kusa da ta shiga, ko ƙananan kafasita na layin wuta masu maikrofarad 0.1 da aka ajiye nesa da ƙafa ta 3 da ta 5. Ka matso da su har su kusa taɓa ƙafafun. Kada kuma ka rage ninkin LM1875 ƙasa da 10, ba ya zama lafiya a ƙasa da haka. Mai yin fat-fat-fat kamar injin jirgin ruwa kuwa, wutarsa ce ba ta da ƙarfi, ko batir ya yi sanyi, ko kafasitar layin wuta ta yi ƙanƙanta.

Sautin da ke fashewa sai an ƙure boliyum ba cuta ba ce, iyaka ce. Da bolt 16 a kowane gefe, abin da zai isa sifika mai om 8 bai wuce wat 10 zuwa 12 ba, kome aka rubuta a kwali. In ka matsa fiye da haka kan igiyar sautin yake yankewa, kuma wannan yankewar ce ke kashe ƙananan sifiku masu siririyar murya. Ka ɗora mita a layin wuta kana kiɗa: idan bolt ɗin yana faɗuwa sosai duk lokacin da ganga ta buga, taransifomar ta yi ƙarama. Ka kuma lissafa sifikunka. Biyu masu om 8 a haɗe kafaɗa da kafaɗa, wato fozitif da fozitif, negetif da negetif, sun zama 4, wannan aisin zai ɗauka. Biyu masu om 4 sun zama 2, wannan kuwa zai sa shi zafi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Amma idan fashewar tana nan ko da murya ƙasa-ƙasa, ka bi ɗaurin dalma ɗaya bayan ɗaya da tsinken roba kana dannawa. Ɗauri mai kyau yana da santsi kuma ya rungume ƙafar, mara kyau kuwa ya dunƙule kamar ƙwallo, sai ka sake narka shi da sabuwar dalma.

Sai bayan duk wannan nake zargin aisin kansa, domin jabun TDA2030 da LM1875 sun yi yawa, kuma sukan yi aiki a ƙaramar wuta su mutu da zarar an kai su inda takardar kamfani ta ce za su iya. Idan awonka duka daidai ne, faranti ya isa, sifika ba ta gaza om 4 ba, amma aisi na biyu ya sake mutuwa a wuri ɗaya, ka canza inda kake saye, sannan ka mayar da ƙwan fitilar a layi kafin ka kunna na uku.