Yadda zaka gane ko zuzuta 'yan wasan ƙasa kawai ake yi

Toh abu na farko, ka manta da sunan kulob ɗin da ɗan wasa yake, ka duba minti nawa yake bugawa. Wani yana babbar ƙungiya a Ingila ko Sifaniya amma kullum yana benci, sai minti 80 a sako shi, amma in an kira shi ƙasa sai kaji ana ta kururuta shi kamar shi ya ƙirƙiri ƙwallo.

Sannan ka duba su wa suka zura wa ƙwallayen nasu. Zura ƙwallo uku a wasan sada zumunci da ƙaramar ƙasa ba komai bane, ka jira wasan sili ɗaya ƙwale inda in aka ci ka sai gida, nan ake sanin mai zuciya. Kuma kar jadawalin FIFA ya ruɗe ka, Beljiyam ta yi shekaru tana ta ɗaya da su De Bruyne da Hazard da Lukaku, kofi ko ɗaya babu, iyakarsu na uku a Kofin Duniya na 2018, a 2022 kuwa ko rukuni basu tsallake ba, Maroko ta basu 2-0.

Amma fa kayi adalci, wani lokacin laifin koci ne, ya ɗauki ɗan tsakiya ya jefa shi gefe. In zaka kalli wasa ka ɗan ɗauke ido daga ƙwallon, ka bi ɗan wasan da ake yabo na minti goma, in an ƙwace masa yana dawowa ya tare ko tsayawa yake yana ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi.